Sam Houston

Sam Houston soja ne kuma ɗan siyasar Amurka da ya rayu daga 1793 zuwa 1863. Shi ya ja dakarun da suka ɓalle Texas daga Meziko, ya shugabanci Jamhuriyar Texas sau biyu, kuma har yau shi kaɗai aka taɓa zaɓa gwamna a jihohi biyu na Amurka, wato Tennessee da Texas. Duka biyun bai kai ƙarshen wa'adinsa ba.

An haife shi ranar 2 ga Maris 1793 a Virginia. Bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta kwashe 'ya'yanta zuwa gabashin Tennessee, inda gonakin Turawa suka yi iyaka da ƙasar ƙabilar Cherokee. Yana ɗan shekara 16 zaman kanti ya ishe shi, sai ya gudu wurin Cherokee. Ya yi kusan shekara uku a cikinsu, ya iya harshensu, sarkinsu Oolooteka ya riƙe shi ɗa, aka sa masa suna Hankaka. A 1814 ya yi yaƙi ƙarƙashin Janar Andrew Jackson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a Horseshoe Bend, kibiya ta soke shi a cinya, harsashi ya same shi a kafaɗa. Daga nan Jackson ya zama ubangidansa a siyasa. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1823, ya zama gwamnan Tennessee a 1827.

A Janairun 1829 ya auri Eliza Allen. Auren bai wuce wata uku ba ya mutu, shi kuwa ya ajiye gwamnan a watan Afrilu, bai taɓa fito da dalilin rabuwar a fili ba. Ya koma wajen Cherokee da suka yi ƙaura yamma, ya duƙufa shan giya. A 1832 wani ɗan majalisa, William Stanbery, ya zarge shi da almundahana a kwangilar abincin ƙabilun. Houston ya tare shi a titin Washington ya lakaɗa masa duka da sanda. Majalisa ta tsawatar masa, amma shari'ar ta dawo da sunansa bakin jama'a. Ƙarshen shekarar ya tsallaka Texas.

Da sansanin 'yan tawayen Texas na Alamo ya faɗi hannun Janar Santa Anna na Meziko a Maris 1836, Houston, wanda ke jagorantar dakarun Texas, ya yi ta ja da baya zuwa gabas har makonni, sojojinsa na gunaguni, wasu na kiransa matsoraci. Ranar 21 ga Afrilu da la'asar, da mutum kusan 900, ya afka wa sansanin Meziko a San Jacinto, ƙazamin faɗan bai wuce minti 18 ba. Harsashi ya farfasa masa idon sawu. Kashegari aka kamo Santa Anna sanye da kayan ƙaramin soja, aka kawo shi gindin bishiyar da Houston ke kwance. Sojoji suka nemi a rataye shi. Houston ya hana, ya sa shi ya rubuta wa sauran dakarunsa umarnin su janye. Rayayyen fursuna ya fi masa gawa amfani.

Ya yi shugaban Jamhuriyar Texas daga 1836 zuwa 1838, sannan daga 1841 zuwa 1844. Bayan Texas ta shiga Amurka a 1845, ya wakilce ta a Majalisar Dattawa daga 1846 zuwa 1859.

Matsayinsa kan bauta na da sarƙaƙiya. Yana da bayi, bai kuma taɓa neman a soke bautar ba. Abin da ya ƙi shi ne raba ƙasa. A 1854 ya ƙi amincewa da dokar Kansas da Nebraska, wadda ta buɗe wa bauta ƙofar sababbin yankuna, abin da ya jawo masa baƙin jini a Kudu. Duk da haka ya ci zaɓen gwamnan Texas a 1859. Da jihar ta ɓalle a 1861, aka kira manyan jami'ai su rantse za su yi biyayya ga gwamnatin jihohin Kudu da suka ɓalle daga Amurka. Ranar 16 ga Maris aka kira sunansa sau uku bai amsa ba, aka tsige shi aka ɗora mataimakinsa Edward Clark. Gwamnatin shugaban Amurka Lincoln ta yi masa tayin sojoji don ya riƙe kujerar, ya ƙi, don kada a zubar da jinin mutanen Texas a kansa. Babban ɗansa ma sojan Kudu ya shiga, ya ji rauni a yaƙin Shiloh a 1862.

Ciwon huhu ya yi ajalinsa a garin Huntsville ranar 26 ga Yuli 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. Birnin Houston, wanda aka kafa a 1836, sunansa ya ci.