Wayar hannu da Turancin ɗalibin jami'a: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ɗalibin da ya ci Turanci a WAEC yake kasa bin lacca?

Saboda yawancin 'ya'yanmu da suka taso a ƙauyukan Jigawa da Kano da ido suka koyi Turanci, ba da kunne ba. Hatta sashen furuci na jarrabawar WAEC a Najeriya zaɓen amsa ne a takarda, ba a neman yaro ya buɗe baki. Idan ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, sai ya tarar malami yana zuba Turanci da sauri, kalmomin da ya sani a rubuce suna wuce shi bai gane su ba.

Da me zai fara horar da kunnensa?

A ganina, da shirin koyar da Turanci na Muryar Amurka, wanda aka fara a 1959, aka riƙa karanta labarai a cikinsa a hankali, da kalmomi kimanin 1,500. Daga nan ya koma BBC Learning English, inda ake da hira ta minti 6 tare da rubutunta. Ya saurara sau ɗaya ba tare da duba rubutun ba, ya sake saurare yana bin rubutun, sannan ya riƙa tsayar da sautin yana maimaita kowace jimla da ƙarfi.

Manhajar koyon harsuna ta Duolingo fa?

Tana ƙara kalmomi, amma gajerun jimlolinta ba su isa shirya mutum ga laccar awa biyu ba.

Yaya batun magana, wadda ita ce ta fi ba ɗalibai kunya?

Nan ne manhaja kaɗai ba ta wadatarwa. ELSA Speak tana nuna kuskuren furuci, kamar rikita "p" da "f" da Bahaushe kan yi, sai dai lafazin Amurka take aunawa, alhali abin da ɗalibi yake buƙata shi ne a fahimce shi ranar kare aikin bincikensa. Ya fi amfani abokai uku ko huɗu su buɗe zaure a WhatsApp, kowa ya turo saƙon murya na minti biyu kullum yana bayanin darasin da aka yi, sauran su gyara masa ba tare da izgili ba.

Wanda ke hutu a ƙauye, ba wuta ba kuɗin data, ya yi yaya?

Ya sauke darussan sauti tun yana makaranta ko ranar da ya shiga gari, domin sauti bai kai bidiyo cin data da batir ba.