Waiwaye: Yadda kwanan wata ya zama lamba a Excel

Duk mai aiki da Excel a Katsina, akawun makaranta ne ko mai shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, ya taɓa rubuta kwanan wata ya ga ya rikiɗe ya koma wata doguwar lamba. Da yawa suna ɗauka manhajar ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau. Lambar nan ita ce abin da kwamfuta ta ajiye, rana da wata da shekarar da muke gani riga ce kawai aka sa mata.

Excel tana ƙirga kwanaki ne daga 1 ga Janairu 1900, wadda ita ce lamba 1. Ranar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, 23 ga Satumba 1987, ita ce 32043. Lokaci kuwa ɓangaren yini ne: ƙarfe shida na safe 0.25, sha biyu na rana 0.5. Shi ya sa ake iya ɗebe wata rana daga wata a samu kwanakin da ke tsakani.

Excel gadon wannan tsari ta yi daga manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3, wadda ta fito a 1983 ta mamaye ofisoshi, kuma ta gaje shi har da kuskurensa. A kalandar Miladiyya da Fafaroma Gregory na 13 ya gyara a 1582, Fabrairu na kai kwana 29 duk bayan shekara huɗu, amma shekarun cikar ƙarni ba sa samun ƙarin sai in 400 ta raba su daidai. Don haka 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba. Lotus ta ba 1900 ranar 29 ga Fabrairu. Kamfanin Microsoft yana son masu Lotus su dawo wurinsa da fayilolinsu ba tare da lissafi ya goce ba, sai ya bar abin yadda yake, kuma ya faɗi haka a fili. Har gobe, in ka rubuta 60 ka mayar da ita kwanan wata, Excel za ta nuna maka ranar da ba a taɓa yi ba. Ni dai ina ganin uzurinsu karɓaɓɓe ne, domin gyara a yau zai matsar da ranaku a fayilolin jama'a ko'ina a duniya, alhali illar kuskuren ta tsaya kan ranakun da suka gabaci 1 ga Maris 1900.

Akwai kuma tsarin 1904, mai fara ƙirga daga shekarar 1904, wanda tsofaffin Excel na kwamfutar Mac suka yi aiki da shi. Tazararsa da na 1900 kwana 1,462 ne, wato shekara huɗu da kwana ɗaya, kuma da wannan tazara ranaku ke gocewa in an kwafe su daga wani tsari zuwa wani. Masu binciken tarihin masarautun Katsina da Daura su ma su sani: rana ta shekarar 1804, tunda ta gabaci 1900, rubutu ne kawai a wurin Excel, fomula ba ta lissafi da ita.

Abin da ya fi damuna ya fi waɗannan kusa da mu. A Najeriya rana muke fara rubutawa kafin wata, a Amurka wata ne farko, kuma kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka. Sai akawu ya buga 03/04/1990 yana nufin 3 ga Afrilu, kwamfuta ta ajiye 4 ga Maris, ba tare da wani gargaɗi ba. In kuwa ya buga 25/04/1990, babu wata na 25, sai ta bar shi a matsayin rubutu, ya lafe a gefen hagu na gidansa maimakon dama. Takarda ɗaya, wasu ranakun a juye, wasu ba lamba ba. A aikin gwamnati yawanci ritaya na zuwa ne da cikar shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, kuma daga irin wannan takarda ake fitar da ita. DATEDIF, fomular da ke ƙirga tazarar da ke tsakanin ranaku biyu, wadda ita ma gadon Lotus ce, abin da aka ba ta take lissafawa. Watanni na iya salwanta daga aikin bawan Allah ba wanda ya lura.

Kafin a dogara da kowane jeri, a gwada shi da ISNUMBER, fomular da ke nuna ko abin da ke cikin gida lamba ce. Inda ta ce FALSE, a sake gina ranar da DATE, wadda ke karɓar shekara, wata, rana, kowanne a muhallinsa. Inda ta ce TRUE ma, a sa watan ya fito da sunansa a haruffa, a kwatanta da takardar ɗaukar aiki da ke cikin fayil ɗin ma'aikacin.