Ku daina zuba sodar sabulu a gorar ruwa

Iyaye mata na Agege, Idi-Araba da Mile 12, don Allah ku saurare ni. Yaran da ake kawo mana asibiti sun kasa haɗiyar abinci sun yi yawa, kuma in aka bi diddigi labarin ɗaya ne. An jiƙa sodar haɗa sabulun ruwa, an ɗura a robar lemo ko gorar ruwa, an tura ƙarƙashin gado. Yaro ya shigo da ƙishirwa ya kurɓa. Ruwan soda garau yake, ba wari. Ina ɗan shekara 2 zai gane?

Sana'ar sabulu halal ce, gidaje da yawa a Legas da ita suke ci, Allah ya ƙara albarka. Gorar nan ce matsalata. Kullum sai na ji "ai na ɗora a sama." Haba Hajiya, ɗaki ɗaya a gidan haya, ga naki ga na maƙwabta, wane sama ne yaro ba ya hawa?

Soda ƙone hanyar abinci take yi tun daga maƙogwaro har ciki. Abin da ke yaudarar iyaye shi ne bakin ya warke, yaro ya koma cin abinci, sai a ce an tsallake. Bayan 'yan makonni tabon ya tsuke hanyar. Tuwo ya fara tsayawa, sai koko, daga ƙarshe ko miyau ba ya wucewa. Yaro na kuka da yunwa ga abinci a gabansa, yana ta ramewa. Daga nan sai zaryar asibiti ana buɗa hanyar, wani a sa masa tiyon abinci ta ciki, wani sai babbar tiyata. Duk saboda gora!

Soda ta zauna a mazubinta, a rubuta mata suna, a kulle. Wadda aka jiƙa ta rage, kada ta kwana a ɗaki.

In tsautsayi ya faɗa, kada a sa masa yatsa ya yi amai, sodar za ta sake ƙona shi a hanyar fitowa. Ban da manja, ban da madara, ban da lemon tsami. A wanke masa leɓe da fata da ruwa, a ɗauki yaron da gorar a tafi asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, ko a kira lambar gaggawa ta 112. Ko ya daina kuka, a kai shi a ranar.