Mece ce loglayin a rubutun fim?

Duk wanda ya fara shiga harkar rubutun fim zai ji ana tambayarsa: "Ina loglayin ɗinka?" Kalmar daga Turanci take, haɗin kalmomi biyu, ɗaya tana nufin littafin rajista, ɗayar kuma layi. A aikace, loglayin jimla ɗaya ce, ko biyu in an matsa, da ke faɗin abin da fim ya ƙunsa: wane ne labarin ya shafa, me ya faru da shi, me yake nema, me ya tare masa hanya, kuma me zai rasa in ya gaza. Galibi ana son kada ta wuce kalma 30 zuwa 40.

Kada a haɗa ta da taken talla, wato ɗan gajeren kirarin da ake rubutawa a jikin fosta don jan hankalin 'yan kallo. Shi taken talla ɓoye labari yake yi, ita loglayin bayyana shi take yi. Haka kuma ba taƙaitaccen labari ba ce, wanda kan ci shafi ɗaya ko biyu har ya faɗi ƙarshe.

Me ya sa ake damuwa da jimla ɗaya haka? Rubutun fim mai tsawo yakan kai shafi 90 zuwa 120, ana ƙiyasta kowane shafi minti ɗaya a allo. Furodusa ba shi da lokacin karanta duk abin da aka turo masa. A Hollywood akwai masu karatu da ake biya su karanta rubutu su rubuta rahoto, kuma loglayin ce kan zo a saman rahoton. Jerin Black List da Franklin Leonard ya fara fitarwa a 2005, na rubutun da manyan jami'an kamfanonin fim suka fi so amma ba a yi fim ɗinsu ba tukuna, kowane rubutu da ke ciki da loglayin ɗinsa. Furodusoshi da yawa loglayin kaɗai za su karanta su yanke shawara.

Amma a ganina amfaninta mafi girma ga marubucin ne, tun kafin ya rubuta shafi na farko. Bari mu gwada.

Wani ya rubuta: "Wani tafinta yana fama da damuwar zuciya bayan kuskuren da ya yi, har ya gano ma'anar gaskiya da adalci." Jimlar tana da nauyi a kunne, amma ka rufe ido ka nemi hoto ɗaya da kyamara za ta ɗauka. Babu. Damuwar zuciya a cikin ƙirji take, kyamara ba ta shiga can. "Ya gano ma'anar gaskiya" kuma darasi ne, ba aiki ba. Wane kuskure? Wa ya cutu? Ba mu sani ba.

Sai a sake: "Wani tafintan kotu ya gane cewa kalma ɗaya da ya fassara ba daidai ba ce ta sa aka yanke wa wani baƙo hukuncin kisa, yana da kwana 7 ya tabbatar da hakan, alhali amsa kuskuren zai kai shi kansa gidan yari."

Yanzu labari ya tashi tsaye. Ga mutum, ga abin da ya tayar da ƙura, ga wa'adi, ga farashin da zai biya. Kuma ka lura ba a ambaci sunansa ba. Suna ba ya gaya wa mai karatu komai. "Tafintan kotu" kuwa ya ba ka sana'a, wuri, da irin makamin da yake riƙe da shi, wato harshe. Har ila yau akwai wani juyi a ciki: mutumin da aikinsa shi ne isar da magana daidai, shi ne ya karkatar da ita. Marubucin fim Blake Snyder, a littafinsa Save the Cat! na 2005, ya nace sosai a kan irin wannan juyin, inda halin jarumi da abin da ya same shi suke cin karo. Ba kowace loglayin mai kyau ce ke da shi ba, amma in akwai, ya fi komai riƙe mai karatu.

Wajen suka kuwa, nan ake yawan ɓata lokaci. Sai ka ga mutum ya kai jimlarsa, masu duba suna ta gyara masa waƙafi, suna musanya wannan kalma da waccan, bayan matsalar ba a can take ba. Tambayoyin da suka fi amfani ba su da yawa. Jarumin nan shi ke tafiyar da labarin, ko abubuwa kawai ke faɗo masa? Burinsa abu ne da za a gani an cim ma ko an rasa, ko dai "neman kwanciyar hankali" ne? Me zai hana shi juya baya ya koma gida? Wannan ta ƙarshen tana da zafi. In tafintanmu zai iya yin shiru ba tare da wani ya mutu ba, babu fim.

Akwai kuma kuskuren ɓoye abu da gangan: "sai wani sirri mai ban tsoro ya bayyana." Marubuci yana ganin ya sa mana ɗoki, alhali ya hana mu abin da za mu auna labarin da shi. Ƙarshen labari ne ake ɓoyewa a loglayin, ba tushensa ba.

Idan marubuci ya yi ta fama kwana da kwanaki jimlar ta ƙi zama, yawanci ba iya rubutu ne ya rasa ba. Labarai biyu ne ke kokawa a kansa, ko kuma jarumin da ya zaɓa ba shi ne ya fi kowa shan wahala ba. A misalinmu, sai a tambaye shi: labarin tafintan ne, ko na baƙon da ke jiran igiya?