Direba Ya Kaɗe Mutum Ya Mutu: Abin da Doka Ke Tambaya da Hanyoyin Kare Kai a Kotu

A Kano idan mota ko Adaidaita Sahu ta kaɗe mutum ya rasu, maganar da ta fi saurin fita daga bakin jama'a ita ce "kwana ne ya ƙare". A wajen ta'aziyya wannan magana daidai take, kuma ita ce ke sanyaya zukata. A gaban alƙali kuwa ba ta isa ta wanke direba ba, kamar yadda rasuwar ita kaɗai ba ta isa ta ɗaure shi ba. Abin da kotu ke bincike shi ne yadda mutum yake tuƙi a lokacin da abin ya faru, da kuma ko tuƙin nasa ne ya jawo asarar ran.

Dokokin da ake iya kama direba da su a Kano sun fi ɗaya. Akwai dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar tuƙin ganganci a kan titin gwamnatin tarayya, irin su hanyar Zariya, hanyar Katsina da hanyar Maiduguri. Akwai dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007, wadda sashe na 20 nata ya yi irin wannan tanadi, ɗaurin da bai wuce shekara 7 ba. Sai kundin laifuffuka na Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960. Sashe na 222, ƙaramin sashe na 7, ya ce wanda ya kashe wani ta hanyar ganganci ko sakaci ya yi kisan kai amma ba na hukuncin kisa ba, sashe na 224 kuma ya ba kotu dama ta yanke ɗauri har na rai da rai, ko ƙasa da haka, ko tara, ko duka biyun. Wannan ita ce mafi nauyi, kuma galibi Babbar Kotu ce ke sauraronta. Sannan ga kundin laifuffuka na Shari'ar Musulunci da jihar ta kafa a 2000, inda kisan kuskure ke da hukuncin diyya. Don haka tambayar farko da lauya zai yi ita ce a ƙarƙashin wace doka aka rubuta tuhumar, domin kowace da abin da ta ɗora wa mai gabatar da ƙara ya tabbatar.

Nauyin kuwa na mai gabatar da ƙara ne. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa, dokar shaida ta 2011 kuma ta ce sai an tabbatar ta yadda mai hankali ba zai yi kokwanto ba. Ba direba ne zai nuna cewa bai yi laifi ba. Gwamnati ce za ta nuna cewa shi ne ke riƙe da sitiyari, tuƙinsa na ganganci ne ko mai haɗari ga jama'a idan aka duba yanayin titin da cunkosonsa a lokacin, kuma wannan tuƙin ne ya kashe mamacin. Idan a ƙarƙashin dokar 1971 ne, sai an ƙara da shaidar cewa titin na tarayya ne. Ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, tuhumar ta yi rauni, har lauya yana iya roƙon kotu ta sallami direba tun kafin ya fara kare kansa, bisa hujjar cewa ba a gabatar da abin da zai amsa ba.

Sai dai yawancin waɗannan shari'u a kwanakin farko ake cin su ko a faɗi, tun ba a ga ƙofar kotu ba. Direban da jama'a suka yi wa ca a Kurna ko Na'ibawa yana da dalilin barin wurin don ya tsira da ransa, amma inda zai nufa shi ne caji ofis mafi kusa ko ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya ba da rahoto da bakinsa. Wanda ya gudu ƙauye ya kashe waya ya ƙara wa kansa laifi, ya kuma wahalar da belinsa. A caji ofis, sashen kula da haɗurran mota ne ke karɓar maganar. Su za su je wurin su zana taswira: inda motar ta tsaya, inda mamacin ya faɗi, tsawon sawun birki a kan kwalta, faɗin titi. Sai a miƙo wa direba ya sa hannu. Mutane da yawa suna sa hannu a ruɗe ba su ko kalli takardar ba, alhali bayan wata shida wannan zane ne zai yi magana a kotu, lokacin da ruwan sama ya riga ya wanke sawun taya. Idan ba a zana shi a gabanka ba, ko an sa wurin karon a inda ba nan ba ne, kana da ikon faɗin haka kafin ka taɓa biro.

Haka batun jawabi. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, abin da babu wani caji ofis a cikin birnin Kano da zai ce bai shafe shi ba. Abin da ya fi cutar direbobinmu shi ne harshe. Mutum ya yi bayani da Hausa cewa "ban ankara ba sai ganin yaro na yi a gabana", a rubuta da Turanci ta yadda za a fahimci cewa ba ya kallon hanya, shi kuma ya dangwala yatsa. Ka nemi a rubuta jawabinka da harshen da ka yi shi, a karanta maka. Kotuna sun daɗe da tsayawa kan cewa jawabin da aka ɗauka ta bakin tafinta, sai tafintan ya zo ya ba da shaida kafin a dogara da shi, wanda aka karɓa da duka ko barazana kuwa sashe na 29 na dokar shaida ya hana amfani da shi. Dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da Kano ta kafa a 2019 ta bi sawun ta tarayya ta 2015 wajen kare wanda ake zargi a wannan mataki. Kuma wannan tuhuma ba ta hukuncin kisa ba ce, saboda haka kotu tana da ikon ba da beli, ko da an fara tsare mutum a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse ana jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a.

Kariyar da aka fi jingina da ita tana sashe na 48 na Final Kod: abin da ya faru bisa tsautsayi, ba da niyya ba, a lokacin da mutum ke yin halattaccen aiki ta halattacciyar hanya, tare da kula da taka-tsantsan, ba laifi ba ne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙar. A ɗauki direbobin tifa biyu da birki ya tsinke musu a gangaren gada, kowanne ya take mutum. Na farko ya kai motarsa gareji makon da ya wuce, an sauya masa kayan birki, yana da rasiɗin kasuwar Ƙofar Ruwa a aljihu, makanikinsa zai iya zuwa ya rantse, kuma da jami'in VIO mai binciken lafiyar motoci ya duba ya tarar wani bututu ne ya fashe farat ɗaya. Na biyu kwana goma ke nan sai ya yi ta famfa birki da ƙafa kafin ya kama, yaron motarsa ya sani, ya kuma faɗa wa mai motar aka ce ya lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Dukansu za su ce birki ne. Na farko yana da kariya mai ƙarfi. Na biyu da bakinsa ya ba da shaidar ganganci, domin fitowa titi da motar da ka san ba ta tsayawa shi kansa tuƙi ne mai haɗari. Shi ya sa rahoton VIO yake da muhimmanci, kuma kuskure ne a yi gaggawar karɓo mota a kai ta gyara kafin a duba ta: hujjarka ce kake gogewa da hannunka. Rashin lafiya ma haka take. Wanda ya yanke jiki a sitiyari ba tare da ya taɓa sanin yana da wata cuta ba, daban yake da wanda ya kwana biyu a hanya bai runtsa ba yana ta gyangyaɗi, ko wanda ya sha ƙwaya don ya kore barci.

"Ai shi ya faɗo mini" ita ce kariya ta biyu da kowa ke kawowa, kuma ana yawan yi mata mummunar fahimta. Sakacin mamaci ba ya wanke direba idan shi ma direban da nasa. Wanda ya tsallaka titi a ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙasa ya yi kuskure, amma idan kai kana gudun kilomita 100 a cikin gari inda ƙa'ida ta ce 50, kuskurensa bai goge naka ba. Inda maganar ke aiki shi ne idan an nuna cewa ko direba mai natsuwa, a kan hannunsa, cikin gudun da ya dace, ba zai iya kaucewa ba. Haka wanda ya murɗa sitiyari don kauce wa mai Adaidaita da ya yanko masa ba sigina, kotu ba ta auna shi da ma'aunin wanda ya sami lokacin tunani. A nan shaidun gani da ido suke da tsada: mai shayin bakin titi, fasinjan gaba, jami'in KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa da ke tsaye a shataletale, kyamarar wani shago ko gidan mai. A nemi lambobinsu da hoton kyamarar da wuri, don na'urorin nan sukan goge kansu. Ni dai ban ga kariyar da za ta tsaya wa mai bin hannun da ba nasa ba, ko matashin da ke wasa da mota a ayarin kai amarya ba.

Akwai kuma batun musabbabin mutuwa. A al'adarmu ba a jinkirta jana'iza, wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma da wuya iyali su yarda a yi binciken gawa. Idan mutum ya cika nan take a wurin, kotu ba ta buƙatar likita ya gaya mata abin da ya kashe shi. Amma idan an kwantar da shi a Asibitin Murtala ko na ƙashi na Dala, ya yi makonni, aka sallame shi, daga baya ya rasu, to dole mai gabatar da ƙara ya haɗa rasuwar da raunin haɗarin ta hanyar shaidar likita. Rashin lasisi ko inshora laifi ne mai zaman kansa da hukuncinsa, ba shi ne hujjar cewa an yi ganganci ba, ko da yake ba ya ƙara wa mutum kwarjini a idon alƙali.

A aikace, da yawan waɗannan maganganu a zaure suke ƙarewa. Iyayen direba da mai unguwa da shugabannin tasha su je gidan mamaci, a yi ta'aziyya, a ɗauki nauyin asibiti, magada su ce sun yafe duniya da lahira. Abu ne mai kyau, amma a san matsayinsa. A Shari'ar Musulunci diyya haƙƙin magada ce, suna iya karɓa, su rage, ko su yafe, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Asalinta raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, wato kimanin kilo 4.25 na zinare, ko dirhami 12,000, shi ya sa ƙimarta a naira ke hawa da sauka da farashin zinare. A fiƙihu dangin mai kisan kuskure ne na wajen uba ke haɗa ta cikin shekara uku. Kaffarar azumin wata biyu a jere kuwa tsakaninsa da Allah ce, yafiyar magada ba ta sauke ta. A ƙarƙashin Final Kod da dokokin tarayya kuma, gwamnati ce mai ƙara, ba iyalin mamaci ba. Takardar yafiya ba ta rufe fayil da kanta. Babban Lauyan jiha ne sashe na 211 na Tsarin Mulki ya ba ikon janye tuhumar laifin jiha, na tarayya kuma sashe na 174. Abin da sulhu ke yi shi ne ya ba shi dalilin janyewa, ko ya zama hujjar neman sassauci idan an sami mutum da laifi. Don haka a rubuta shi, magada na gaskiya su sa hannu, a haɗa da mai kula da haƙƙin marayu idan akwai su, sannan a kai wa mai gabatar da ƙara da kotu. Kawu ɗaya da ya karɓi kuɗi a bayan fage bai wakilci matar mamaci da 'ya'yansa ba. Lauya ya duba kalmomin takardar kafin a sa hannu, kada ta'aziyya ta koma amsa laifi a rubuce.

Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda ke da ofis a Kano, kuma tafinta a kotu kyauta ne bisa sashe na 36. Kada a amsa laifi ranar farko don kawai wani ya ce tara ce za a yi a tafi gida, sai an karanta sashen da ke kan takardar an san iyakar hukuncinsa.

Ko kotu ta wanke direba daga laifi, magada suna da damar shigar da ƙarar neman diyya a kansa da kan mai motar da ya ɗauke shi aiki, kuma a can ba a buƙatar hujja mai ƙarfin ta shari'ar laifi, rinjaye ya isa. Nan inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota take da amfani, idan ta gaske ce ba ta bakin tasha ba, kuma an sanar da kamfanin da wuri. Idan kuma hukuncin Babbar Kotu bai yi wa direba daɗi ba, yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuwa tana da reshe a nan Kano.