Fitofilankton: Tasirin Ɗumamar Teku da Hasken UV

Fitofilankton ƙananan halittu ne da ke shawagi a saman ruwan teku, galibinsu ba a ganinsu sai da madubin likita. Kamar ganyen bishiya, suna haɗa abincinsu daga hasken rana da ruwa da iskar kabon, aikin da masana ke kira fotosintesis. An ƙiyasta cewa kusan rabin wannan aiki a duniya su ke yin sa, duk da nauyinsu bai kai kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya ba.

Tarihin bincike

Bajamushe Victor Hensen ne ya raɗa sunan filankton a 1887. A 1972 Richard Eppley na Amurka ya tattara gwaje-gwaje, ya nuna cewa iyakar saurin hayayyafarsu na kusan ninkuwa idan zafin ruwa ya ƙaru da digiri 10. Batun hasken UV kuwa, wani ɓangare na hasken rana mai ƙuna da ido ba ya gani, bai ɗauki hankali sosai ba sai a 1985, lokacin da Joe Farman da abokan aikinsa biyu na Birtaniya suka bayyana raguwar iskar ozon, wadda ke tare yawancin hasken UV, a sararin Antaktika, abin da ya kai ga yarjejeniyar Montreal ta 1987. A ƙarshen 1990 ayarin Raymond Smith ya shiga Tekun Bellingshausen na Antaktika da jirgin ruwa, yana auna fitofilankton a ƙarƙashin ramin ozon, wato inda iskar ta ragu, da kuma wajensa. Sakamakon, wanda aka buga a 1992, ya nuna raguwar fotosintesis da kashi 6 zuwa 12 cikin 100 a bakin ƙanƙarar teku. Ana yawan kafa hujja da shi, ko da yake ma'aunin yanki ɗaya ne a kaka ɗaya.

Yadda ɓarnar ke faruwa

Hasken UV-B, mai tsawon zango na nanomita 280 zuwa 315, yana lalata sinadarin furotin D1, wanda ke tsakiyar sashen da ke kama haske, yana kuma yi wa DNA, ƙwayar gadon halitta, lahani. Halittar kan gyara ɓarnar tana faruwa, wasu nau'o'in ma suna samar da sinadarai masu tare hasken. Gyaran ya fi sauri a ruwa mai ɗumi, shi ya sa zafi kaɗan kan rage illar UV a wasu gwaje-gwaje.

Babbar matsalar tana wajen jeruwar ruwa. Ruwa mai ɗumi ba shi da nauyi, sai ya kwanta a sama ya ƙi gaurayuwa da na ƙasa, inda sinadaran nitiret da fosfet suke. Nan fitofilankton kan maƙale kusa da rana, ga yunwa ga ƙuna, kuma ƙwayar da ba ta samu sinadarai ba gyaranta kan yi rauni. A yankunan zafi na Atlantika, ƙurar Sahara, har da wadda ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi lokacin hunturu, tana kai wa ruwan sama-sama ƙarfe da fosfaras.

Saɓani

Wani bincike na 2010 ya ce fitofilankton na raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 a shekara tun wajen 1899. Masana da dama sun ja da hanyar lissafin.