Don ya miƙe ba shi ne za a ajiye masa magani ba

Jama'a, wannan magana ta kai mini iya wuya. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, an sha jinya, Allah Ya taimaka ya fara ɗaga hannu, baki ya koma daidai. Ana cikin murna sai a sake kawo mana shi asibiti ranga-ranga, wannan karon ko magana babu. Ka tambayi 'yan rakiya ina maganinsa na hawan jini, sai a hau kallon-kallo. "Ai ya samu sauƙi." "Ya ƙare ne, ba mu samu mun sayo ba." Wani ma ya ce wai gudu suke kada jikinsa ya saba da ƙwaya. Haba!

Hawan jini ba ya warkewa don mutum ya taka ƙafarsa. Maganin danne shi kawai yake yi, ana daina sha zai sake hawa, kuma sau da yawa ko ciwon kai mutum ba zai ji ba. Hawan jinin ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma kusan mutum 1 cikin 4 da suka tsira yakan sake kamuwa. Wa ya ba ku izinin tsayar da magani? Likita ne ya ce? In ba shi ba ne, ku mayar da shi kan maganinsa yau.

Na san kun gaji, 'yan'uwa. Mai jinya ma majinyaci ne, ga kashe kuɗi, ga rashin barci. Amma in tsada ce matsalar, ku faɗa wa likita, akwai masu sauƙin kuɗi. In maganin yana sa shi jiri, ko busasshen tari, ko kumburin ƙafa, ku dawo a canza masa wani. Canzawa ake yi, ba ajiyewa ba. Haka maganin suga da na rage kitsen jini. Shi kuma asfirin, kada ku saya don kun ga an ba wani: akwai wanda jijiyar jini ce ta toshe masa a ƙwaƙwalwa, akwai wanda fashewa ta yi, wannan na biyun asfirin na iya ƙara masa zubar jinin.

Sauran a gurguje. A riƙa awon hawan jini a rubuta a takarda, galibi ƙasa da 130/80 ake nema. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce. Taba da giya, a rabu da su. A ci gaba da motsa gaɓoɓi kullum, amma kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci saboda ƙwarewa. Wanda ke kwance a juya shi duk bayan awa 2. Kuma ku riƙa hira da shi, don baƙin ciki na sa wasu su ƙi shan maganin da kansu, saboda haka a sa mutum ɗaya ya tsaya har ya ga an haɗiye.

In kun ga baki ya karkace, hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, ko da ya wuce bayan 'yan mintuna, sai asibiti. Kada a ɗura masa komai a baki. Ku riƙe lokacin da abin ya fara, don allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta.